Daga Tsaunin Everest Zuwa Hanyar Kurfi: A Sayi Aikin Agogo, A Bar Sunan Jabu

Duk wanda ya ratsa kasuwar Dutsin-Ma, ko ya tsaya jiran mota a Kurfi a kan hanyar Katsina, yakan ci karo da masu tallan agogon hannu. Waɗanda suka fi ɗaukar ido su ne masu tambarin kambi, an rubuta Rolex a fuskarsu, kuɗinsu kuwa bai kai na 'yar ƙaramar waya mai madannai ba. Mai sayarwa ya san jabu ne, mai saye ma ya sani. Suna kawai ake ciniki.

Wannan ciniki asara ce. Matashin da ya tara 'yan kuɗinsa zai fi cin riba idan ya sayi agogo na gaske daidai aljihunsa, sannan ya nema masa maɗaurin roba mai inganci. Tarihin Rolex Explorer, agogon da ya yi suna wajen masu hawan tsauni, shi kansa ya isa hujja.

Yadda aka gina sunan

Wani Bajamushe mai suna Hans Wilsdorf ne ya kafa kamfanin a Landan a 1905 tare da surukinsa Alfred Davis. An yi wa sunan Rolex rajista a 1908, daga baya kamfanin ya koma birnin Geneva na ƙasar Suwizalan. A wancan zamani maza agogon aljihu suke riƙewa, na hannu kuwa ana ganin ba ya jure ƙura da gumi. A 1926 Wilsdorf ya fito da Oyster, agogon da ake murza murfinsa da makunninsa su rufe ruf, ruwa ba ya shiga. A watan Oktoban 1927 wata 'yar Ingila, Mercedes Gleitze, ta shafe sama da awa 10 tana iyo a tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa ɗauke da shi, ta fito yana aiki. Wilsdorf ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya tallata labarin. A 1931 aka ƙara masa na'urar da ke yi masa wani da motsin hannu, ba batir, ba caji.

Ranar 29 ga Mayun 1953, Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka zama na farko da suka taka ƙololuwar Everest, tsauni mai tsayin kusan mita 8,849. Rolex ya bai wa ayarin agogunansa, kuma a shekarar ya fitar da samfurin da ya kira Explorer: baƙar fuska, lambobin 3 da 6 da 9 manya masu haske cikin duhu, jikin ƙarfe, babu ado. A 1971 aka yi Explorer II mai ƙarin tsinke na awa 24, domin masu shiga kogo waɗanda ba sa bambance dare da rana.

Akwai ɓangaren labarin da talla ba ta cika faɗa ba. Ayarin na 1953 ya tafi da agogunan wani kamfanin Ingila mai suna Smiths, wanda shi ma ya yi ta shelar cewa nasa Hillary ya kai ƙololuwa. Yau Smiths ya daɗe da barin wannan sana'a, Rolex kuwa ya mallake labarin. Kenan suna abu biyu ne suka gina shi: ƙwarin agogo da iya talla. Sabon Explorer yanzu ya haura dala 7,000, kuɗin da mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 zai shekara goma yana tarawa bai kai ba. Wanda ya sayi jabu ya ɗauki rabin da talla ta gina, ya bar rabin da ya sa agogon ya yi suna. Explorer na gaske yana jure nutso har mita 100. Na jabu, alwala ɗaya ta isa ta sa gilashinsa ya yi hazo.

Yadda roba ta shiga fada

An daɗe ana yi wa roba kallon kayan talaka. Amma masu nutso a teku tun shekarun 1960 sun gane cewa fata na ruɓewa a ruwan gishiri, suka rungumi maɗauran roba irin su Tropic. A 1980 wani ɗan Italiya, Carlo Crocco, ya kafa Hublot, ya haɗa agogon zinare da maɗaurin roba, abin da a lokacin aka ɗauka ganganci ne. A 1983 injiniyan Casio, Kikuo Ibe, ya fito da G-Shock wanda aka naɗe jikinsa gaba ɗaya da roba mai tauri don ya jure faɗuwa.

Rolex ya yi jinkiri. Sai a 2015 ya kawo Oysterflex a kan samfurin Yacht-Master, wato siraran ƙarafa masu lanƙwasa da aka lulluɓe da roba. A shekarar ce kuma Apple Watch ya shigo kasuwa da nasa maɗaurin na roba. Shi dai Explorer har yau da sarƙar ƙarfe kamfanin ke sayar da shi. Wannan giɓi ne ya buɗe kasuwa ga kamfanoni irin su Rubber B da Everest Bands, masu ƙera roba daidai jikin agogon. Attajirin da ya biya miliyoyi yakan cire sarƙar ya adana, ya ƙara kuɗi ya sa roba, saboda ta fi sauƙi a hannu kuma ba ta karcewa. Idan mai na gaske yana neman sauƙin hannunsa, me zai sa ɗalibi ya ɗaura sarƙar jabu mai cizon gashi don a ce ya yi gayu?

Abin da yanayin nan ke buƙata

Hannun ɗan Dutsin-Ma na shan gwajin da bai gaza na mai hawan dutse ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura maki 40, gumi na kwarara ƙarƙashin maɗauri. Da hunturu ƙura na shiga kowane lungu na sarƙa. Ga alwala sau biyar a rana, ga girgizar babur tsakanin gari da harabar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga masu noman rani da kamun kifi a kewayen Dam ɗin Zoɓe da hannunsu ba ya rabo da ruwa.

A irin wannan hali fata tana shan gumi, ta yi wari, ta tsage. Sarƙa mai arha fentinta na goguwa, ta bar tsanwa a hannu, wasu ma ta sa musu ƙuraje saboda sinadarin nikel da ke cikin ƙarfen. Roba mai kyau kuwa ruwa da ɗan sabulu sun ishe ta. Sau da yawa agogon da aka jefa cikin durowa lafiyarsa ƙalau, maɗaurin ne ya tsinke. Haka abin yake ga agogunan zamani masu haɗuwa da waya, irin na Oraimo da itel da Samsung: fuskar na nan garau, maɗaurin ya riga ya mutu.

Kafin a sayi roba

Ba kowace roba ce roba ba. Silikon yana da laushi da arha, sai dai yana jan ƙura kamar maganaɗisu, kuma idan ya fara tsagewa a bakin rami sai ya yage gaba ɗaya. Roba mai tauri irin ta ƙananan agogunan Casio tana da ƙarfi, amma rana da shekaru kan busar da ita ta karye. Wadda ake kira FKM ta fi tsada, ta fi nauyi kaɗan, amma ta fi jure zafi da gumi da mai, kuma ƙura ba ta manne mata sosai. Ga bakanike ko ɗan acaɓa, bambancin a bayyane yake.

Abu na biyu shi ne awo. A ɗauki rula a auna tazarar da ke tsakanin ƙahonni biyun da maɗauri ke shiga. Yawancin agoguna milimita 18 ne, ko 20, ko 22. Wanda ya yi oda ta intanet bai auna ba, ya yi sadaka da kuɗinsa. Wasu agogunan, kamar Apple Watch da G-Shock, suna da nasu mahaɗin na daban, sai an nemi wanda aka yi dominsu.

Na uku, a kula da ɗan siririn ƙarfen nan mai sifirin da ke riƙe maɗauri. Shi ne mafi arha a jikin agogo, kuma shi ne kan yar da agogo a titi idan ya yi tsatsa. Duk lokacin da aka canza maɗauri, a sa mai gyaran agogo ya canza shi. A zaɓi roba mai ramuka ko tsagi ta ciki don iska ta ratsa, kada kuma a ɗaure ta tamau. Game da ruwa, rubutun 3ATM na nufin yayyafi da wankin hannu kawai, 5ATM ne ya fara zama abin dogaro.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce waya na nuna lokaci, agogo ado ne kawai, ado kuwa ai don ido ake yi, to mene ne laifin jabu? Maganar na da ƙamshin gaskiya, domin babu mai sa agogo ranar salla ko ɗaurin aure don ya san ƙarfe nawa. Amma adon da wanda ya sani zai gane daga nesa ya rasa amfaninsa. Kuma waya na mutuwa idan KEDCO ta ɗauke wuta kwana biyu, alhali Casio F-91W, wanda ake ƙerawa tun 1989, batirinsa na kai kusan shekara bakwai.

Wani kuma zai ce kuɗin na gaske sun fi na jabu. Haka ne a ranar ciniki. Amma wanda ya sayi jabu uku cikin shekara biyu ya biya fiye da wanda ya sayi na gaske ɗaya ya canza masa roba sau ɗaya. Arha ba ta ado, in ji masu iya magana. A lura kuma, Casio ma ana yin jabunsa, don haka a saya a wurin wanda za a iya komawa gare shi idan an samu matsala.

Mutanen da suka hau Everest a 1953 sun ɗaura agogo ne don su san lokacin da iskar tukunyarsu za ta ƙare da lokacin da dare zai rufe su. Abin da ya dame su shi ne ya yi aiki kuma ya zauna a hannu. Wannan ma'auni bai canza ba, kuma ba ya buƙatar miliyoyi. Matashin Kurfi da ya je gaban mai agogo, tambayoyi uku sun ishe shi: na gaske ne, yana jure ruwa, kuma idan maɗaurin ya tsinke ana samun madadinsa a nan kusa?