Ɗan gudun hijira ba kayan ɗaukar hoto ba ne

Jama'ar Ƙonni, Malbaza da Illela,

Tun 2019 da ƴan bindiga sunka matsa wa ƙauyukan Sakkwato, Zamfara da Katsina, ƴan uwanmu ke tsallako iyaka suna neman mafaka. A jihar Maraɗi hukumar HCR ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori, a jiharmu ta Tawa da yawa sun sauka Bangi. Wasu ko suna cikin gidajenmu, tuwo ɗaya muke ci.

Abin da ya ishe mu shi ne wanga salon taimako. Ƙungiya ta zo da mota, ta tara mata ƙarƙashin rumfa, kwana ukku ana koyon haɗa sabulu, a shafa fenti a bango, a ɗauki hoto, a tafi. Bayan sati guda ina sabulun, ina mai saye?

Wai wa za a koya wa sana'a? Basakkwacen da ya gaji jima da dukanci, wanda jar fatar garinsu ta yi suna har Turai? Ko tsohuwar da ke saƙar tabarma da faifai tun ba a haifi mai koyarwar ba? Hannunsu na da sana'a. Jari, kayan aiki da wurin baje kaya ne ƴan bindiga sunka raba su da su.

Za a ce ai zaman na ɗebe kewa, yana sanyaya zuciyar wadda ta ga kisa da idonta. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma in ta koma gida ba tsabar da za ta ɗora a wuta, kewar na nan na jiranta.

Mu ma da namu laifin. Mu ne masu cewa baƙi za su kashe mana kasuwa, alhali Ƙonni da Illelar Najeriya kasuwa da auratayya sun daɗe da haɗa su.

Ga abin da muke nema. Magadan gari su ware masu rumfa a kasuwar Laraba. In za a ƙawata bangon lakwal ko gidan likita, a haɗa maginanmu da nasu, su fidda zanen gargajiya, a biya kowa ladarsa. Masu kuɗin taimako su kai kayan matan nan baje kolin SAFEM a Yamai, da sunan masu aikin a jiki.

Sarakuna, malamai, shugabannin masu sana'a, maganar na hannunku. Allah shi maida kowa gidansa lafiya.