Mick O'Dwyer: Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare

Ranar 3 ga Afrilu, 2025, Mick O'Dwyer ya mutu yana da shekara 88. Na san yawancinmu ba mu taɓa jin sunan ba, tunda hirarmu ta ƙwallo ba ta cika wuce Firimiya da La Liga ba. Amma a ƙasar Ayilan, da wuya ka shiga gidan da ba a san "Micko" ba, kamar yadda suke kiransa. Kuma wasan da ya yi suna a cikinsa daban yake da wanda muke kallo a gidajen kallo.

Ƙwallon Gelik ake ce masa, wasan gargajiyarsu ne. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, ana kama ƙwallon da hannu, ana kuma buga ta da ƙafa. In ta shiga raga maki 3 ke nan, in ta bi ta saman sandar raga maki 1, sai dai daga 2025 bugun nesa ya zama maki 2. Ƙungiyar GAA ce ke kula da shi, wadda aka kafa a garin Thurles a 1884, kuma wani malamin makaranta, Michael Cusack, na cikin jagororin kafa ta. Abin da zai ba ka mamaki, 'yan wasan ba su da albashi. Mutum zai buga wasan ƙarshe ranar Lahadi a filin Croke Park na Dublin, gaban mutum sama da 80,000, bayan kwana biyu ya koma aji, ko gona, ko ofis. Ba a saye da sayar da 'yan wasa. Galibi ƙauyenka kake buga wa, in ka yi fice gundumarka ta ɗauke ka.

O'Dwyer ɗan ƙauyen Waterville ne a gundumar Kerry, can bakin teku. A nan aka haife shi a 1936. Ya ci kofin ƙasa sau 4 yana ɗan wasa: 1959, 1962, 1969 da 1970. Da ya zama kocin Kerry ya ƙara 8 tsakanin 1975 da 1986, har da huɗu a jere daga 1978 zuwa 1981. Saura ƙiris su yi na biyar a 1982, sai Séamus Darby na Offaly ya zura ƙwallo gab da tashi, suka sha kashi da maki ɗaya tak. Bayan shekara biyu suka dawo suka ci uku a jere.

Wannan lissafi na 12 shi aka fi ambata in ana tuna shi, kuma ya cancanta. Sai dai ni a ganina ba nan ne ya fi nuna ko shi wane ne ba. Kerry gidan ƙwallo ce tun fil azal, babu gundumar da ta kai ta yawan kofuna. Kuma yaran da ya samu, su Pat Spillane, Mikey Sheehy, Jack O'Shea da Páidí Ó Sé, irin waɗanda ake daɗewa ba a ga kamarsu ba ne. Mai son rage masa daraja zai iya cewa, to, da irin waɗannan ai ko wa aka ba zai ci. Maganar ba ta da adalci, amma ba ta rasa madafa.

Amsar tana cikin abin da ya yi bayan ya bar Kerry a 1989. Mutumin da ya ci komai, yana da otal da harkokinsa a gida, da ya so sai ya miƙe ƙafa ya zama dattijon da ake zuwa gaisarwa. Sai ya ɗauki mota ya dinga tafiyar sa'o'i zuwa gundumomin da aka riga aka yanke musu ƙauna.

Ya fara da Kildare, wadda rabonta da kofin lardin Leinster tun 1956. Zuwansa na farko, 1991 zuwa 1994, bai kawo kofin ba. Ya sake dawowa, a 1998 suka ɗauka. A wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa suka haɗu da Kerry kanta, kocinta kuma tsohon yaronsa ne, Páidí Ó Sé. Kildare ta yi nasara, ɗansa Karl na cikin masu buga mata. Galway ta doke su a wasan ƙarshe, amma sun sake cin lardin a 2000. Daga nan sai Laois: shekararsa ta farko, 2003, ya ba su kofin lardi, wanda rabonsu da shi tun 1946. Shekara 57 ke nan. Akwai wanda aka haifa, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, bai taɓa ganin wannan rana ba. Yana da shekara 70 ya karɓi Wicklow, gundumar da ba ta taɓa cin lardin ba ko sau ɗaya. A 2007 suka ci kofin Tommy Murphy na ƙananan ƙungiyoyi, a 2009 kuma suka fitar da Fermanagh da Cavan da Down ɗaya bayan ɗaya.

Me yake kai musu? Ba wani sirri. An san shi da horon gudu mai tsanani, zagayen fili har sai ƙafa ta gaji, da son wasa mai sauri. Sauran kuwa iya zama da mutane ne: ya sa yaron da ya saba shan kashi ya fara jin cewa shi ma ɗa ne. Mu da muke riƙe alli mun san wannan ya fi komai wuya. Ajin da aka tace masu ƙoƙari, kowane malami zai fito da sakamako ya yi ta bugun ƙirji. Je ka ajin baya, inda yaran suka haddace cewa su daƙiƙai ne saboda an sha faɗa musu, a nan ake gane malami.

Ba zan ce babu abin faɗa a kansa ba. A 1985 'yan wasan Kerry sun fito a tallar injin wanki na Bendix don tara kuɗin ƙungiya, abin da ya ɓata wa masu ra'ayin riƙau rai, don suna ganin kasuwanci ya fara kutsawa cikin wasan sa-kai. Haka nan yana cikin waɗanda suka buɗe ƙofar ɗauko koci daga wata gunduma, al'adar da har yau ake ce-ce-ku-ce a kanta, saboda kuɗin da take ci da kuma yadda take danne masu horarwa na gida. Sannan ga magana mafi nauyi: har ya mutu, Kildare ba ta sake cin lardin ba tun 2000, Laois ma tun 2003. Wato gwani na iya zuwa ya kunna wuta, amma in babu mai ƙara itace, toka za a tarar. Wannan laifin bai kamata a ɗora masa shi kaɗai ba. Tambaya ce ga duk al'ummar da ke jiran wani ya zo daga waje ya ɗaga ta.

Ina jin shi ma ya san da haka. Bayan ya gama da gundumar Clare a 2013, ya koma Waterville ya kama horar da yara 'yan ƙasa da shekara 14, yana dab da shekara 80. Babu kyamara, babu taron dubbai, sai iska da ruwan sama na bakin teku da iyaye tsaye a gefen fili. Mutumin da ya ɗaga kofin ƙasa sau 12 bai ga wannan a matsayin faɗuwa ba.

Don haka in za mu ɗauki wani abu daga rayuwar wannan bawan Allah, mu gyara ma'auninmu. Mun iya yabon wanda ya yi nasara inda nasara ta saba sauka. Wanda ya tafi inda babu komai, ya ɗaga su daga ƙasa zuwa tsakiya, ba mu cika waiwayarsa ba, don ba shi da babban kofin nunawa. Shi ya sa gwanayenmu, malamai ne ko masu horar da yara a filin unguwa, kowa ke rububin wurin da aka riga aka gyara. Mutanen Waterville sun kafa wa O'Dwyer mutum-mutumi tun yana raye. Amma in kana son sanin girmansa, tambayi dattijon Laois inda yake tsaye ranar da aka busa tashi a 2003.