Zogin Gwiwa Da Allurar Da Ke Tare Masa Hanya

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗakin masu aikin ƙashi, ya kwana bisa tabarma a gefen gadon dattijon da aka yi wa tiyata a gwiwa, ya san akwai wata ƙarya da mutanenmu ke yi wadda muke fatan ba za a rubuta musu zunubinta ba, wato amsar nan ta “da sauƙi”. Na ga haka ga kawuna, bayan da amosani ya cinye masa guringuntsin gwiwar dama har sujada ta gagare shi sai bisa kujera, likitoci suka sauya masa gaɓar da ta ƙarfe. Da asuba na ce masa, “Kawu, yaya ƙarfin jiki?” Ya ce, “Alhamdu lillahi, ɗana, da sauƙi,” alhali gumi na tsattsafo masa a goshi, carbinsa ya tsaya cak a hannu ɗaya, ɗayan kuwa ya damƙe ƙarfen gado kamar mai tsoron a fizge shi.

Dauriya ɗabi'a ce abar yabo, kuma da ita aka rene mu tun daga gaban wanzami har zuwa gaban maɗori. Amma a wannan mas'ala tana da illa wadda galibin masu jinya ba su lura da ita ba, domin gwiwar da aka yi wa aiki ba ta warkewa da kwanciya. So ake tun ranar farko ko ta biyu mai ita ya lanƙwasa ta, ya miƙe ta, ya taka ƙasa a hannun masu gashin ƙashi, in kuwa zogi ya hana shi, sai gaɓar ta sandare, jini ya yi guda a jijiyoyin ƙafa, wanda in ya ɓalle ya tafi huhu yana iya zama ajali.

Akwai allurar da ke tare wa wannan zogi hanya, kuma asalinta hikima ce mai sauƙin fahimta. Zafi saƙo ne da ke bin jijiyar ji daga wurin rauni zuwa ƙwaƙwalwa, tamkar yadda labari ke bin wayar tangaraho, saboda haka in aka zuba maganin da ke sa jijiyar ta yi shiru a gefenta, saƙon ba zai isa ba, mutum kuwa yana farke da hankalinsa. A shekarar 1884 wani likitan ido a birnin Biyana mai suna Carl Koller ya nuna cewa koken na kashe zafin ido, ba da jimawa ba kuma William Halsted na Amurka ya fara yi wa jijiyoyi allurarsa, sai dai gwajin da ya riƙa yi a jikinsa ya jefa shi cikin jarabar shan ƙwayar, wadda ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Wannan ibtila'i na daga cikin abin da ya sa masana suka dage wajen neman madadi, har aka samu lidoken a ƙasar Suwidin a 1943, daga baya kuma bufibaken, wanda aikinsa ya fi daɗewa, kuma babu ɗayansu da ke sa maye.

A aikin gwiwa, da farko allurar da aka fi yi ita ce ta babbar jijiyar da ke wucewa ta matsematsi, wadda ke kashe zogi ƙwarai, amma tana kashe ƙarfin tsokar gaban cinya tare da shi, ta yadda majinyaci zai ji ya samu lafiya, ya sauko daga gado, ƙafar ta lanƙwashe ya faɗi. Don haka likitocin banju suka gangaro zuwa tsakiyar cinya, inda reshen jijiyar da ke ɗauke da ji yake tafiya a jikin jijiyar jini a ƙarƙashin wata siririyar tsoka. A can likita zai ɗora kan na'urar hoton cikin jiki, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, yana kallon bakin allurarsa a allo sa'ad da take ratsa nama, har ya ga ruwan maganin ya kewaye jijiyar. Zogi ya kwanta, ƙarfin takawa kuma ya saura. Bayan gwiwa yana da nasa jijiyoyin, su ma akan yi musu tasu allurar. Allura guda takan yi aiki daga awa 12 zuwa 24, in kuwa an bar siririn bututu a wurin, ana iya ci gaba da zuba maganin kwana biyu ko uku.

Fa'ida ta biyu, wadda ta shafi al'ummarmu kai tsaye, ita ce rage buƙatar magunguna masu sa maye irin su morfin da tiramol, waɗanda ke kawo amai da taurin ciki da jinkirin numfashi. Ƙasar da ta ga abin da kodin ya yi wa matasanta, har gwamnati ta haramta sarrafa maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018, bai kamata ta yi sakaci da hanyar da za ta rage yawan ƙwayoyin da majinyaci ke komawa gida da su ba.

Adalci ya wajabta a faɗi aibin wannan allura. Maganin in ya shiga jijiyar jini bisa kuskure yana iya taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba a yin ta sai a hannun gwani, a inda aka tanadi kayan ceto. Jijiyar kanta takan samu rauni, ko da yake nadiran ne. Sannan sa'ad da allurar ta saki jiki, zogi kan dawo da ƙarfi, sau da yawa cikin tsakar dare, sai fa in an riga an ba majinyaci farasitamol da makamantansa tun kafin lokacin. Waɗannan duka dalilai ne na a ƙware a kan aikin.

Ga mai ganin kamar neman sauƙin ciwo rauni ne a tawakkali, sai mu tuna masa cewa malamanmu sun tabbatar riƙo da sababi ba ya warware dogaro ga Allah, kuma Ibn Sina da kansa ya yi bayanin magungunan da ke kashe zafi a littafinsa Al-Ƙanun tun kusan shekara dubu da suka shuɗe.

Saboda haka muna kira ga asibitocinmu na ƙashi da na koyarwa, tun daga na Dala a Kano har zuwa na sauran jihohi, da su mayar da horar da likitocin banju a kan wannan fanni, da tanadin na'urarsa a ɗakin tiyata, abu na wajibi. Kai kuwa mai karatu, ranar da aka sa wa mahaifinka ko mahaifiyarka ranar aikin gwiwa, nemi ganin likitan banju tun kafin a shiga, ka tambaye shi cikin ladabi wane tanadi aka yi wa zogin daren farko. In kuma dattijon ya ce maka “da sauƙi”, dubi goshinsa kafin ka gaskata.