Ƙirƙirarriyar basira da yaran shago a Gwallaga

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, Meta AI kuma ya shigo WhatsApp a Najeriya a Afrilun 2024, aiki ya sauya salo har a unguwar Gwallaga da ke Bauchi. Yaron shago mai waya a hannu na iya tsara tallar kaya ko wasiƙar neman kwangila kafin maigida ya dawo daga sallar Azahar.

Sai dai na'urar kan ƙirƙiro farashi ko lissafin ƙarya, Hausarta ma takan yi tuntuɓe.

Saboda haka nauyin dubawa ya koma wuyan maigida. Ya kamata 'yan kasuwar Gwallaga su koya wa yaransu tantance abin da na'urar ta rubuta, kada su sallame su.