Ana tambayar "Core nawa ce?", ba a tambayar lafiyar SSD

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu sayar da kwamfutoci na hannu a Zariya, ko a PZ ne ko Samaru ko Tudun Wada, ya san tambayar farko da mai saye yake yi: "Core nawa ce?" Idan aka ce masa i7 ce, sai fuskarsa ta saki. Daga nan ya tambayi RAM, ya tambayi awa nawa batir yake yi. Ma'adanar bayanai kuwa, wato inda Windows da manhajoji da kowane fayil suke kwana, girmanta kawai ake tambaya. A ce masa gig 500 ce, ya ce madalla, ya ƙirga kuɗi. Matashin da ya taso daga Dutsen Abba da kuɗin da ya yi watanni yana tarawa, ko wanda mahaifinsa ya sayar da buhunan masara ya ba shi don ya yi firojet ɗin ajin ƙarshe a ABU ko Nuhu Bamalli, yana iya komawa gida da laftof ɗin da sai ta yi minti biyu kafin ta gama tashi. Ya zauna yana mamakin inda ƙarfin i7 ɗin ya shiga.

Ƙarfin yana nan, jira yake yi. Tsohuwar ma'adana da ake kira HDD faifai ne na gaske mai juyawa, da wani ɗan hannu mai bin kansa yana karatu. A yawancin laftof faifan yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya. Duk lokacin da Windows ta nemi wani ƙaramin fayil, sai hannun ya matsa zuwa wurin, ya jira faifan ya juyo da shi. Da ƙyar HDD yake biyan irin wannan buƙata ɗari a daƙiƙa ɗaya, alhali tashin Windows da buɗe Chrome buƙatu dubbai ne. SSD ba shi da abin da yake motsi a ciki, ƙwayoyin ajiya ne irin na waya, kuma ko mai araha daga cikin na ƙwarai yana biyan dubban buƙatu a daƙiƙa. Shi ya sa i5 mai SSD take barin i7 mai HDD a baya a aikin yau da kullum. Firosesa mai ƙarfi a kan HDD tamkar ƙwararren tela ne da aka ce sai an je Sabon Gari an sayo masa zare duk bayan ɗinki ɗaya.

Wannan ya fara shiga kunnen mutane, har masu shago sun koyi cewa "mai SSD ce" kafin a tambaye su. Sai dai wata sabuwar cuta ta maye gurbin tsohuwar, wato bin lambar da ke kan kwali. HDD na laftof yana karanta kimanin megabayit 100 a daƙiƙa idan babban fayil ne. SSD irin na SATA yana tsayawa a wajen 550, domin iyakar hanyar ke nan. NVMe a kan PCIe 3.0 yana kai wa 3,500, a kan PCIe 4.0 kuma wajen 7,000. Wanda ya kalli lambobin zai ɗauka daga SATA zuwa NVMe ne babban tsalle. A hannu ba haka abin yake ba. Daga HDD zuwa SATA kowa zai ji bambanci tun ranar farko, har wanda bai san me aka canza ba. Daga SATA zuwa NVMe kuwa, mai rubutu a Word, da mai cike fom a intanet, da mai koyon rubuta manhaja a VS Code, sai sun riƙe agogo kafin su ga 'yan daƙiƙun da suka ragu. Dalili shi ne babbar lambar nan ta kwashe ƙaton fayil ɗaya ce a jere, aikin da yawancin mutane ba sa yi ko sau ɗaya a mako.

Akwai kuma abin da kwalin ba ya faɗa da babbar murya. Yawancin SSD na yanzu suna ajiye bit uku a kowace ƙwaya, ana kiransu TLC, masu araha kuma bit huɗu, su ne QLC. Cusa bayanai da yawa a ƙwaya ɗaya yana rage farashi amma yana rage saurin rubutu. Don a ɓoye wannan, sai a ware wani ɓangare na ma'adanar yana karɓar bayanai cikin sauri, daga baya a kwashe su a hankali. Muddin fayil bai fi wannan ɓangaren girma ba, komai lafiya. Da zarar ya cika, sai asalin saurin ya fito fili. Samsung 870 QVO mai terabayit 1, wanda ba jabu ba ne kuma na babban kamfani ne, yana faɗowa zuwa megabayit 80 a daƙiƙa bayan ɓangaren ya cika, wato ƙasa da HDD mai lafiya. Idan na Samsung yana haka, sai a ƙiyasta wanda sunansa bai taɓa fitowa a ko'ina ba sai a kan takardar da aka manna masa.

Ko manyan kamfanoni ma suna wasa da wannan. A 2022 da Apple ta fito da MacBook Air mai M2, masu gwaji sun gano cewa mai gigabayit 256 ta fi wadda ta gabace ta, mai M1, jinkirin karatu da rubutu, saboda ƙwayar ajiya ɗaya aka sa mata a maimakon biyu. Kuma a irin waɗannan MacBook ɗin manne ma'adanar take da allon na'urar, ba a cirewa ba a ƙarawa. Abin da aka saya da shi za a zauna.

Maganar mannewa ta kawo tarkon da ya fi kama masu ƙaramin ƙarfi. Akwai 'yan ƙananan laftof masu kyan gani, marasa nauyi, irin su HP Stream, waɗanda ma'adanarsu eMMC ce mai gigabayit 32 ko 64. Wasu masu shago kan kira ta SSD, ko don rashin sani ko don ciniki ya faɗa. Ba ta kai SSD sauri ba, manne take, kuma Windows 11 kaɗai gigabayit 64 take buƙata a matsayin mafi ƙanƙanta. Wanda ya sayi mai 32 zai kwana yana goge hotuna don sabuntawar Windows ta samu wurin sauka. Haka kuma wanda zai sayi SSD daban ya sa a tsohuwar laftof, ya fara sanin irin ramin da take da shi. M.2 sunan siffa ne kawai, akwai M.2 na SATA, akwai na NVMe, kuma ba kowane rami yake karɓar duka biyun ba. Dell Latitude E7440, misali, mSATA take amfani da shi, wata siffa ce daban. ThinkPad T440 tana da ramin faifai mai inci 2.5, wanda SSD na SATA yake shiga daidai. Mutane da dama sun sayo NVMe mai tsada daga Kano ko Legas, suka zo suka tarar ba shi da wurin zama.

Yanzu ga ainihin matsalar kasuwar kayan hannu. Yawancin laftof ɗin da suke zuwa daga Turai da Amurka na ofisoshi ne da suka gama wa'adinsu, kuma kamfanoni da yawa suna cire ma'adanar kafin su sallame su, don kare bayanansu. Ke nan SSD ɗin da ke cikin EliteBook ko Latitude da aka ajiye a kan kanta ba lallai ne wanda ta fito da shi daga masana'anta ba. Wani ne a hanya, a Computer Village ta Ikeja ko a Kano ko a shagon da ake tsaye, ya sa mata abin da ya samu. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa. Tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a Yunin 2023 komai na kwamfuta ya tashi, kuma ɗan kasuwa ma riba yake nema. Amma idan mai saye ba ya tambaya, babu abin da zai sa mai sayarwa ya zaɓi mai kyau ya bar mai araha. Kasuwa tana gyara abin da ake dubawa ne. An koya mata cewa ana duba allo ko ya fashe, ana duba madannai, ana duba caja, duk tana kiyayewa.

Dubawar kuma ba ta wuce minti goma zuwa sha biyar. A buɗe Task Manager, a shiga Performance, a danna Disk, Windows za ta nuna ko SSD ne ko HDD, da sunan samfurin a sama. A rubuta sunan a waya a bincika. Idan babu kamfanin da ya amsa sunan, an samu amsa ta farko. Sannan a tafi da CrystalDiskInfo a filash, kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Za ta nuna lafiyar ma'adanar, da awannin da ta yi a kunne, da yawan bayanan da aka taɓa rubutawa a kanta. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka SSD ɗin da ya nuna awa 26,000 ya yi kusan shekara uku cur yana aiki ba dare ba rana, ko da an ce "sabo ne dal".

A nan ya kamata a kwantar wa mutane da hankali kan jita-jitar cewa SSD yana saurin ƙarewa. Gaskiya ne ƙwayoyinsa suna da iyakar rubutu, kuma kamfanoni suna bayyana ta. Samsung 870 EVO mai gigabayit 500 an ba shi terabayit 300, Crucial MX500 mai girma ɗaya an ba shi 180. Wanda yake rubuta gigabayit 20 kullum, kuma wannan da yawa ne ga ɗalibi, sai ya yi sama da shekara arba'in kafin ya cinye 300 ɗin. Saboda haka SSD na hannu daga sanannen kamfani, mai lafiya kashi 90 cikin ɗari, ya fi sabo marar asali zama abin dogaro. Abin da ya fi kashe ma'adana a hannun talaka shi ne rashin ingancin kayan ciki da kuma jabu.

Jabun ma iri-iri ne. Akwai wanda aka manna wa takardar Samsung ko Kingston alhali cikinsa wani abu ne daban. Akwai mafi muni, wanda aka shirya shi ya riƙa gaya wa Windows cewa terabayit 1 ne alhali bai kai rubu'in haka ba. Yana karɓar fayil kamar gaske, sai ranar da aka zo buɗewa a tarar babu komai. Irin wannan CrystalDiskInfo ba lallai ta kama shi ba, domin abin da ma'adanar ta faɗa mata take maimaitawa. H2testw ce take kama shi, saboda tana cika ma'adanar ne ta sake karantawa, sai dai tana ɗaukar lokaci, don haka a yi yarjejeniya da mai shago cewa za a gwada a gida a dawo da ita idan ta gaza. A gefe guda kuma kada a zargi ɗan kasuwa a kan abin da ba laifinsa ba. Idan 256 ta nuna 238 a Windows, ko 500 ta nuna 465, ba a saci komai ba. Kamfanoni da dubu suke ƙirgawa, Windows kuma da 1,024.

Game da girma, 128 ta yi kaɗan a yau, ko da kuwa NVMe ce. Windows da Office da 'yan manhajoji sun cinye rabinta, wanda kuma ya sauke Android Studio zai ga ja a kan Local Disk C kafin wata ya ƙare. SSD kuma idan ya cika maƙil yana rage sauri, domin yana buƙatar fili ya riƙa jujjuya bayanai. Idan kuɗin da ke hannu zai sayi ko dai NVMe 256 ko SATA 512 daga kamfani mai suna, kuma aikin karatu ne ko shagon buga takardu, 512 ɗin ya fi.

Masu cewa NVMe mai sauri ya cancanci kuɗinsa suna da gaskiya a wurinsu. Mai haɗa bidiyon biki da yake kwashe gigabayit ɗari daga kyamara kowane ƙarshen mako, ko mai tace fim, zai ga bambancin a agogo, kuma shi ne ya kamata ya guji QLC ya nemi TLC. Amma shi ma ya tuna zafin Zariya a Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu da take toshe fankar laftof. NVMe idan ya yi zafi, wajen digiri 70 zuwa sama, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Wanda ya biya kuɗin 7,000 a siririyar laftof da ba a taɓa share fankarta ba, ba zai daɗe yana ganin 7,000 ɗin ba. Haka nan masu tambayar firosesa ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, sun dai tambayi abin da bai fi muhimmanci ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa, in ban da 'yan kaɗan. Don haka "zubi na nawa ce?" ta fi "Core nawa ce?" amfani. i7 na zubi na huɗu tsoho ne, duk SSD ɗin da aka sa masa.

Abu ɗaya da SSD ya fi HDD muni a kansa shi ne yadda yake mutuwa. HDD yakan yi gargaɗi, ya fara ƙara, ya fara jan ƙafa, mai shi ya samu kwanakin kwashe kayansa. SSD yana iya aiki lafiya da dare, da safe kwamfutar ta ce ba ta ga ma'adana ba. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure ma da wuya a dawo da shi, saboda wani tsari da ake kira TRIM yana share wurin ba da daɗewa ba. Laftof mai mataccen batir da take mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta tana ƙara haɗarin, domin yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya rikita ma'adanar. Wanda ya cire HDD ya sa SSD kada ya bar wa mai gyara tsohon. Ya saya masa ɗan gida mai USB, ya riƙa kwafe babi-babin firojet ɗinsa a ciki duk mako, ya kuma tura wa kansa kwafi ta imel.

Sauran magana ta rasit ce. Yawanci ana rubuta sunan laftof da kuɗi kawai. A sa mai shago ya ƙara sunan SSD ɗin da lambarsa ta siriyal kamar yadda CrystalDiskInfo ta nuna, da adadin kwanakin da ya yarda a dawo da ita. Wannan yana kare ɓangarorin biyu, domin shi ma mai shago yana tsoron a canza masa kaya a gida a dawo masa da matacce. Wanda kayansa ke da kyau ba zai ƙi a sa filash a gwada ba, wasu ma da kansu za su buɗe manhajar. Wanda ya ce babu lokaci, ko ya ce gwaji yana lalata kwamfuta, akwai wani shagon a gaba.