Zancen Haɗa Wutar Rana Da Zoɓo

Tun watan Nuwamba na 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya buɗe kasuwar shanu bayan ta daɗe a rufe, mutanen wannan ƙasa suka soma numfasawa. Amma duhun dare yana nan inda ya ke. Ƙauyukan da ke bakin dajin Kamuku da wajen Kuyello da Dogon Dawa, da yawansu waya ba ta kai musu wuta ba. Janareta kuwa ba abin dogara ba ne. A 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta hana sayar da fetur a jarka saboda ɓarayin daji, sa'an nan a watan Mayu na 2023 aka janye tallafin mai, kuɗinsa ya hau. Saboda haka ba mu yi mamaki ba da malamai suka riƙa tambayarmu, wai shin gaskiya ne mutum yana iya haɗa abin kama wutar rana da hannunsa, da ɗan tarkacen gida?

Amsarmu ita ce, gaskiya ne, amma da sauran magana.

A 1991 waɗansu masana biyu, Michael Grätzel da Brian O'Regan, suka bayyana wata dabara daga wata jami'a da ke birnin Lozan na ƙasar Suwizalan. Ana samun gilashi falle biyu. Ɗaya a shafa masa wata farar hoda mai suna taitaniyam dayoksaid, irin wadda a ke sawa a farin fenti, a gasa shi, a tsoma cikin ruwan rini. Ɗayan a goge shi da bakin fensir ko a turara shi da hayaƙin kyandir. A haɗa su fuska da fuska, a ɗiga ruwan aidin tsakani. Hasken rana in ya bugi rinin, sai ya zaburar da ƙwayoyin lantarki su ratsa hodar su bi waya, aidin kuwa ya mayar wa rinin abin da ya fita daga gare shi. Rinin nan ba sai an aika Turai ba. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun gwada zoɓo, sun gwada lalle, duk sun ba da wuta. Watau abin da matanmu ke jiƙawa ranar suna, shi ne a ɗakin binciken masana.

To, ga inda gizo ke saƙa. Da farko gilashin ba na taga ba ne, wani iri ne mai rufi wanda lantarki ke bi ta kansa, ba kuwa za a same shi a kasuwar Birnin Gwari ba. Na biyu, wutar kaɗan ce ƙwarai. Da tsakar rana, hasken da ke sauka a fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi ya kai wajen wat 1,000. Faifan sola na kanti yana kama kamar kashi 20 cikin 100 na wannan. Na zoɓo da kyar ya kai kashi 1. Ɗan fallen da yaro zai haɗa a aji ƙarfinsa bai wuce rabin bolt ba, kuma sai an jera dubbai kafin su yi wat 5 ɗin da wayar hannu ke bukata. Ga shi rinin yana koɗewa a rana, aidin yana bushewa. Akwai wata tsohuwar dabara ta gasa fallen jan ƙarfe a tsoma shi cikin ruwan gishiri, ita ma ba ta wuce motsa allurar mita ba.

Waɗanda kuwa ke nuna hotuna a waya, wai sun kunna fanka da tsohon faifan waƙa da reza, ƙarya su ke yi, batir ne a ɓoye. Mun ambaci wannan don tsoron kada manomin da ya sha wuya a hannun 'yan bindiga ya sayar da ɗan hatsin da ya rage masa, ya miƙa wa mayaudari.

A ganinmu wurin wannan dabara shi ne aji. Yaron da ya ga allura ta motsa da ya kai fallen zoɓo rana, ta faɗi da ya kare shi da tafin hannu, ya fahimci abin da babi guda na littafi bai koya masa ba, kuma ba mai sake ce masa tsafin Turawa ne. Lalle ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta sayo gilashin nan da hoda da mita ta raba wa makarantun sakandare na ƙasar Birnin Gwari, kuɗinsu ba mai yawa ba ne. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana aikin wutar rana, ana iya neman ta horar da malamai.

Fitilar ɗakin haihuwa da firjin maganin rigakafi kuwa, sai faifan kanti da batir mai kyau. Galibi abin da ke kashe su ƙura ce a kan faifai, da sakakkiyar waya, da batirin da aka bari ya tsotse ƙarƙaf. Idan kowace gunduma ta sami samari biyu ko uku da suka iya gyaran waɗannan, ba sai an jira makaniki ya taso daga Kaduna ba.