Bangaskiya ba ta tsayawa a iyakar Seme

Hutun jami'a ya zo, wasu ɗalibanmu sun haɗa kuɗin mota daga Legas zuwa Kwatano, Lome da Akra. Mun yarda tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne maganar nan ta "can ai babu wanda ya san ni." Da ita ake ɓoye wa iyaye, a taɓa kuɗin makaranta, Lahadi ta wuce a bakin teku babu sujada. Yunana ma ya biya kuɗin jirgi zuwa Tarshish, amma bai tsere wa Ubangiji ba. Ku sanar da iyayenku, ku nemi ikkilisiya duk inda kuka sauka. Ubangiji ya dawo mana da ku lafiya. Amin.